Agajin Ƙasashen Waje da Mutuncin Mai Karɓa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya zauna a Kano, Maiduguri, Maraɗi ko Damagaram ya saba ganin fararen motocin ƙungiyoyin agaji, da allunan da ake kafewa a bakin rijiyar burtsatse ɗauke da tutar wata ƙasa. Wasu na sa musu albarka, wasu na yi musu kallon zargi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo a majalisu da gidajen rediyo. Ra'ayin da aka gina amsoshin a kai ba a ɓoye yake ba: agaji na ceton rai, amma ba ya zama na adalci sai mai karɓa yana da baki a cikinsa, ana gaya masa gaskiya, kuma yana da ikon cewa a'a.

Duk abin da ake kira agaji iri ɗaya ne?

A'a. Akwai agajin gaggawa da ake kawowa lokacin yaƙi, ambaliya, fari ko annoba: abinci, magani, tantuna, ruwan sha. Akwai na raya ƙasa mai ɗaukar shekaru, kamar gina makarantu da horar da ma'aikatan lafiya. Sannan akwai bashi mai sassaucin ruwa irin na Bankin Duniya, wanda ake lissafawa cikin taimako alhali 'ya'yanmu ne za su biya. A 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince ƙasashe masu arziki su riƙa ware kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigarsu don taimako. Ƙalilan ne irin su Norwe, Suwidin da Denmak suka daɗe suna cikawa.

Wanda yunwa ta kama yana da ta cewa kan abin da aka ba shi?

Yana da ita. Yunwa ba ta raba mutum da hankalinsa, ba ta kuma raba shi da mutuncinsa. Musulmi ya san gargaɗin Suratul Baƙara, aya ta 264, cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Ke nan ladabin bayarwa nauyi ne a kan mai bayarwa.

A 2002, ana tsakiyar fari a kudancin Afirka, shugaban Zambiya Levy Mwanawasa ya ƙi karɓar masarar agaji ta Amurka saboda an sauya mata ƙwayoyin halitta. Tsoronsu shi ne manoma su shuka ta, ta gauraya da irin gida. Malawi, Mozambik da Zimbabwe sun karɓa bisa sharaɗin a niƙa ta gari kafin a raba, yadda ba za ta shuku ba. Ana iya jayayya kan matakin Mwanawasa, domin talakan da ke kwana da yunwa ne ya ɗauki nauyinsa. Sai dai maganar niƙa ta nuna cewa damuwar tana da mafita, da an tambayi masu karɓa kafin a loda jirgi.

Me ya sa Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, alhali kyauta ake yin sa?

A nan ya kamata a daɗe, domin duk matsalar tana cikin wannan labari. A 2003 jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin bayan wasu malamai da shugabanni, ciki har da Dakta Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Najeriya, sun yi zargin an gurɓata shi da sinadarin hana haihuwa. Sauran suka dawo bayan 'yan watanni. Kano, ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau, ta tsaya kan bakanta har ƙarshen Yulin 2004.

Zargin ba gaskiya ba ne, kuma yara ne suka biya da ƙafafunsu. A 2002 yara 202 aka tabbatar sun kamu da cutar a Najeriya. A 2006 sun haura 1,100. Ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya.

Amma wanda ya ce jahilci ne kawai, bai saurari mutanen ba. A dubi abin daga zauren gida. Ma'aikaciya ta yi sallama ta shiga da akwatin ƙanƙara, ta ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, ta shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsa, ta fito ta rubuta lambobi da alli a bangon ƙofar gida. Bayan 'yan makonni ta dawo, ta kuma dawowa. A gidan nan kuwa bara ƙyanda ta ɗauke yaro, zazzaɓin cizon sauro na kwantar da sauran duk damina, in aka je asibitin gwamnati sai an yanki kati, an sayo magani, wani lokaci har safar hannun da za a duba mara lafiya da ita. Sai maigida ya ce: cutar da ke kashe mana yara ba wanda ya biyo mu gida da maganinta, me ya sa wannan ake bin mu da shi har ɗaki, ba ko sisi? Tambaya ce ta mai hankali, kuma tana da amsa. Shan inna na cikin cututtuka ƙalilan da za a iya shafewa daga doron ƙasa baki ɗaya, shi ya sa tun 1988 duniya ta zuba kuɗi a kansa. Sai dai a taron Hukumar Lafiya ta Duniya aka yanke wannan fifiko, ba a zauna da iyayen yaran an ji abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya ba.

Ga kuma yanayin lokacin. Amurka ta mamaye Iraƙi a watan Maris na 2003. Manya ba su manta manufar gwamnatin Babangida ta 1988 da ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace ba. Sannan ga abin da ya faru a Kano kanta a 1996.

Me ya faru a 1996?

A shekarar aka yi mummunar annobar sanƙarau a Arewa, dubban mutane suka rasu. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya turo likitoci asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, suka gwada sabon maganinsu mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, sun ɗauka masu agaji ne, domin a asibitin nan Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa tana ba da magani kyauta. Kamfanin ya ce ya sami amincewar iyaye da baki, kuma sanƙarau ne ya yi ɓarnar. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Wannan gwajin kamfani ne, ba aikin agaji ba. Amma uban da ya kai ɗansa asibiti a rikice ba shi da hanyar bambancewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ƙa'idar da ke nan ba ta da sassauci: ba a taɓa jikin mutum ko na ɗansa sai an yi masa bayani da yarensa, ya fahimta, ya yarda, kuma ya san in ya ƙi ba za a hana shi magani ba.

To yaya aka shawo kan mutane?

Ba da tsawa aka shawo kansu ba. Gwamnatin Kano ta tura nata mutanen suka duba, aka kawo rigakafi daga kamfanin Bio Farma na Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. Gwamna ya ɗiga wa yara da hannunsa, daga baya Shugaba Obasanjo ya ɗiga wa 'yar gwamnan a bainar jama'a. Daga 2006 aka fara haɗa rigakafin da abin da iyaye ke nema: sinadarin bitamin A, maganin tsutsar ciki, sabulu, gidan sauro. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko, aikin ya gangaro daga sarki zuwa hakimi, dagaci, mai unguwa. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda ake haɗuwa da su wurin suna da biki, su shiga gidajen da namiji baƙo ba ya shiga. Waɗanda cutar ta nakasa suka riƙa zuwa ƙofar gidajen masu ƙi a kan kekunansu, suna magana da iyaye.

Ba a samu wannan a arha ba. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, galibinsu mata, 'yan garin. A 2016 aka ga na ƙarshe da ya kamu da ainihin ƙwayar cutar, a Borno, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Masu tambayar dalilin da ya sa har yanzu ake zagayawa sun cancanci amsa ta gaskiya. Ɗigon na ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana. Inda yara da yawa ba su karɓa ba, tana iya yawo tsakaninsu ta daɗe har ta sake yin ƙarfi. Maganin hakan shi ne yawancin yara su karɓa. Faɗin wannan a fili ya fi ɓoye shi, domin abin da aka ɓoye wa mutane in suka ji shi a bakin wani, duk sauran maganar ta zube.

Girmama al'ada na nufin a kawar da kai daga duk abin da aka tarar?

Ko kusa. Yarinyar da aka bari tana naƙuda kwana biyu a ɗaki saboda maigida ba ya nan ya ba da izinin zuwa asibiti, ta ƙare da yoyon fitsari, ba al'ada aka girmama ba, ita aka zalunta. Haka yankan gishiri, haka cire beli da askar da ba a dafa ba. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru a asibitin Babbar Ruga na Katsina yana ɗinke dubban mata irin waɗannan yana koya wa likitocinmu, kuma babu mai hankalin da zai ce shisshigi ya yi.

Abin lura shi ne al'ada ba baki ɗaya gare ta ba. In ƙungiya ta zauna da dagaci da liman da dattawa kaɗai ta ce ta ji ra'ayin gari, rabin gari ba ta ji ba. Matan da ke cikin gida, matasa, Fulanin ruga da ke gefen gari, duk suna da abin faɗi, wani lokaci ma su ne ke neman canjin.

Inda aka ci nasara, 'yan gida ne suka ja ragamar. A Senegal, matan ƙauyen Malicounda Bambara suka bayyana daina kaciyar mata a 1997 bayan karatun da suka yi da ƙungiyar Tostan. Wani limami, Demba Diawara, ya ce musu ƙauye ɗaya ba zai iya dainawa shi kaɗai ba, tunda 'ya'yansu a maƙwabta suke aure. Ya taka da ƙafa ƙauye-ƙauye yana magana da dangi, har a 1998 ƙauyuka 13 suka yi alƙawari tare. Baƙo ba zai hango wannan ba, sai wanda ya san yadda ake neman aure a wurin. A jihar Damagaram kuma, tun wajen 2008 aka kafa makarantun mazaje da tallafin asusun Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan al'umma. Magidanta masu mutunci a gari ke zama suna tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, su kuma jawo 'yan'uwansu. An gane cewa izini a hannun miji yake, sai aka je wurin mijin.

In al'ada ko ibada ta ci karo da ceton rai lokacin annoba fa?

Annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016 a Gini, Laberiya da Saliyo, wadda ta kashe sama da mutum 11,000, ta amsa wannan. Gawar mai Ebola na yaɗa cutar ƙwarai, don haka wankan gawa ya zama hanyar mutuwa. Da farko sai ma'aikata sanye da fararen kaya har fuska su zo su sa gawa a leda su tafi, dangi ba su san inda aka binne ta ba. A Monrobiya, babban birnin Laberiya, gwamnati ta ba da umarnin ƙona gawarwaki. Mutane suka koma ɓoye marasa lafiya da binne mamata da dare. A Womey ta ƙasar Gini, a Satumban 2014, aka kashe mutum takwas cikin tawagar wayar da kai.

A Nuwamban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon tsarin jana'iza bayan shawara da ƙungiyoyin Musulmi da na Kirista. Aka yarda a yi wa mamaci taimama a madadin wanka, a sa masa likkafani, a yi masa salla, dangi su tsaya daga nesa su ga kabarinsa. Ba a sassauta ko ɗaya daga matakan kariya ba. Sassaucin da ake buƙata yana nan cikin fiƙihu tun da daɗewa, malamai sun san shi, ba a dai tambaye su da wuri ba.

Gaskiya ne akwai wata manufa a ɓoye bayan agaji?

Mafi yawan jita-jitar da ake yaɗawa ƙarya ce, kuma tana kashe yara. Amma ba za a ce babu abin da ya taɓa faruwa ba. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta yi amfani da wani likitan Pakistan, Shakil Afridi, ya shirya rigakafin ciwon hanta na bogi a Abbottabad don neman Osama bin Laden. Bayan abin ya fito, hare-hare kan masu rigakafi suka ƙaru a Pakistan, kuma sai a 2014 fadar shugaban Amurka ta sanar cewa an daina fakewa da rigakafi wajen leƙen asiri. Cin amana ne wanda bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba suka biya da rayukansu.

Yawancin manufofin ma ba a ɓoye suke ba, a rubuce suke. Akwai agajin da ake gindaya wa sharaɗin a sayi kaya ko a ɗauki ƙwararru daga ƙasar da ta bayar. A 2007 ƙungiyar CARE ta yi watsi da kimanin dala miliyan 45 a shekara na abincin Amurka da ake ba ta ta sayar a kasuwannin ƙasashe matalauta, ta ce yana karya manoman wurin. Akwai kuma sharuɗɗan da ke bin zaɓen ƙasar mai bayarwa. Dokar Amurka da ke hana kuɗi ga ƙungiyoyin waje masu hulɗa da zubar da ciki, Reagan ya kafa ta a 1984, Clinton ya soke a 1993, Bush ya maido a 2001, Obama ya soke a 2009, Trump ya maido a 2017, Biden ya soke a 2021, Trump ya sake maidowa a 2025. Ko mene ne ra'ayinka kan dokar, lura da cewa babu lokaci guda da aka tambayi asibitin da ke karɓar kuɗin. Ta ɗaya ɓangaren, a 2023 Bankin Duniya ya dakatar da sabon bashi ga Yuganda saboda dokarta kan luwaɗi.

Mai bayarwa na da haƙƙin cewa kada a sace kuɗinsa, kada a yi zalunci da shi. Abin da bai dace ba shi ne a riƙe maganin yaro ko abincin mai jego don a murɗe hannun gwamnati.

Ƙungiyoyin addini fa?

Ba laifi mutum ya yi taimako don Allah. Asibitin mishan na Galmi a Nijar yana aiki tun 1950, kuma Musulmi ne mafi yawan masu zuwa. Ƙungiyoyin ƙasashen Larabawa na haƙa rijiyoyi suna ɗaukar nauyin marayu. Iyakar ita ce kada buhun hatsi ya zama kuɗin sayen imani ko na shiga wata ɗariƙa. Ƙa'idar aiki ta 1994 da ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji suka sa wa hannu ta hana amfani da agaji don tallata siyasa ko addini.

Me ya sa ake ɗaukar mutane hoto in za a ba su kaya?

Don a nuna wa masu ba da kuɗi cewa kayan sun isa, da kuma neman ƙarin gudummawa. Dalilin farko na da hujja, amma sa hannu ko dangwale a takarda ya wadatar. Ka tsaya wurin rabo ka ga dattijon da a da yake ciyar da gida guda, an tsayar da shi a rana riƙe da buhun shinkafa da katon ɗin taliya, an ce ya ɗago kai ya kalli kyamara. Ko uwar da aka yaye wa zanen goyo don haƙarƙarin ɗanta mai tamowa ya fito sosai. Ba za su ƙi ba, domin suna tsoron a cire sunansu. Yardar da aka samu a kan layin abinci ba yarda ba ce. Kuma wannan ɗabi'a ba ta baƙi kaɗai ba ce, 'yan siyasarmu da gidauniyoyinmu na gida sun fi kowa yin ta a Facebook duk azumi.

Ba ƙwararrun waje ne suka fi sanin mafita ba?

Sun san abubuwa da yawa da muke buƙata, rigakafi da tiyata ba a gona aka tsiro da su ba. Amma labarin itatuwan Maraɗi ya isa darasi. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi mai yawa a Sahel wajen renon dashe da shuka itatuwan waje, mafi yawansu suka mutu. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aikin dashen a yankin Maraɗi, ya lura a 1983 cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. In aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka datse sauran, itace zai tashi ba tare da dashe ko ban ruwa ba.

Lokacin yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci. Da abincin ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu suka ga itacen girki, ganyen dabbobi da ƙarin amfanin gona a ƙarƙashin gawo, sai maƙwabta suka kwaikwaya ba tare da an ba su ko tiya ba. Abin da ya ƙara masa ƙarfi shi ne sassaucin dokar da ta mai da itace mallakin gwamnati, wadda ta sa manomi ke gudun barin itace a gonarsa don tsoron tarar malaman daji. Masu bincike sun ƙiyasta an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. Baƙon ya kawo ido, manoma suka yi aikin bisa lissafinsu.

Idan ma'aikacin agaji ya ci zarafin wanda ya zo taimaka wa fa?

Yana faruwa, kuma shi ne mafi munin abin da ke cikin harkar. Rahoton 2002 na hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Save the Children ya bankaɗo yadda ake lalata da 'yan mata a sansanonin Gini, Laberiya da Saliyo a madadin abinci. A 2018 aka fallasa abin da wasu ma'aikatan Oxfam suka yi a Haiti bayan girgizar ƙasa. A Haitin dai, sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya ne ya kawo kwalara a 2010, mutum kusan 10,000 suka mutu, kuma sai a Disamban 2016 Ban Ki-moon ya nemi afuwa.

Namu ma ba wankakku ba ne. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton mata 43 a sansanonin Maiduguri da suka ce jami'an tsaro da shugabannin sansani sun yi lalata da su. A 2017 tan 200 na dabinon da Saudiyya ta aiko don azumi ya ɓulla a kasuwa, har gwamnatin Najeriya ta ba da haƙuri. Wanda zai tuhumi baƙo dole ya tuhumi ɗan gida da ma'auni ɗaya.

Gwamnati na da ikon korar ƙungiyar agaji?

Tana da shi, ƙasa ƙasarta ce. Amma a duba wa zai ji a jikinsa. A 2005 Shugaba Mamadou Tandja ya musanta cewa ana yunwa a Nijar, a 2008 kuma aka dakatar da reshen Faransa na Likitoci Na-gari Na-kowa a Maraɗi, inda suke jinyar dubban yara masu tamowa. A 2019 sojojin Najeriya suka rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps na wani lokaci a Arewa maso Gabas. A 2025 hukumomin Nijar suka umarci kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa ya fice. In akwai zargi, a fito da hujja a yi hukunci, kuma a tanadi wanda zai karɓi marasa lafiyar kafin a sa kwaɗo. A tuna kuma cewa mafi yawan ma'aikatan nan 'ya'yanmu ne. Saifura Khorsa da Hauwa Liman, ungozomomin da aka sace a Rann ta jihar Borno aka kashe a 2018, 'yan Najeriya ne.

Me mai unguwa ko shugabar mata za su tambaya in ƙungiya ta zo gari?

Wa ya ba ku kuɗin, kuma nawa ne? Wa ya zaɓi wannan aikin, mu ko ku? Ta yaya za a zaɓi masu amfana, kuma za a karanta sunayen a bainar jama'a? In famfon ya lalace bayan kun tafi, wa zai gyara, a wace kasuwa ake samun kayan gyaran? Sunaye da hotuna da zanen yatsun da kuke ɗauka, ina za su, wa zai gani? In wani ma'aikacinku ya yi ba daidai ba, wa za a kai wa ƙara wanda ba abokinsa ba, kuma mace za ta iya kai ƙarar wurin mace? Yaushe za ku tafi? Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. A taron jin ƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu bayarwa sun yi alƙawarin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin gida nan da 2020. Abin da ke isa gare su kai tsaye bai kai kashi 5 ba.

Tunda Amurka ta janye yawancin tallafinta a 2025, ba gara a rabu da agajin baki ɗaya ba?

A Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da agajin waje, zuwa Yuli aka rufe USAID, hukumar ba da agaji ta Amurka. Birtaniya da wasu ƙasashen Turai su ma suka rage nasu. Masu cewa gara haka don mu tsaya da ƙafafunmu suna da gaskiya a rabin maganar, amma ba 'ya'yansu ne ke kwance a gadon tamowa ba. Likitoci Na-gari Na-kowa sun ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinsu na jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025. Wanda ya ɗora mutum a kan maganin ƙanjamau na tsawon rai, ya sa asibitoci suka dogara da shi shekara ashirin, ba daidai ba ne ya tsame hannu dare ɗaya ba sanarwa. Yadda ake fita daga aiki yana cikin amanar aikin.

Sauran rabin laifin namu ne. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma gwamnatin tarayyar Najeriya, mai masaukin taron, ba ta taɓa kaiwa ba. Dala miliyan 200 da aka ƙara a kasafin lafiya na 2025 don cike giɓin mataki ne, amma na gaggawa.

Akwai tsarin da ya fi wannan, kuma an gwada shi a nan gida. A yarjejeniyar rigakafin yau da kullum da gwamnatin Kano ta ƙulla da gidauniyar Dangote da ta Bill Gates, wadda ta fara aiki a 2013, an zuba kuɗin a asusu ɗaya, aka rubuta tun ranar farko cewa kason gidauniyoyin zai riƙa raguwa shekara-shekara na jiha yana ƙaruwa, har jiha ta ɗauki nauyin gaba ɗaya. Daga baya Bauchi, Borno, Kaduna, Sakkwato da Yobe suka shiga irin wannan yarjejeniya.